Rumfar mota da gilashin baya: gyaran da ya kamata a yi kafin ruwa ya sauka

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tasha ranar kasuwa a ƙauyukan da'irar Tagris, can gabashin gundumar Dakwaro, ya san yadda motocin haya ke isowa. Ƙura ce ke fara sanar da su tun daga nesa. In mota ta tsaya, fasinjojin baya su diro fari fat kamar waɗanda suka yini a gidan niƙa, suna kakkaɓe rawuna da mayafai, suna tari. Akan ɗora wa hanya laifi, kuma hanya tana da nata. Amma in aka zagaya bayan motar, sau da yawa sai a tarar tagar da ke jikin rumfa ta saki: gefe ɗaya ya rabu da tamfol, ya bar kafar da hannu zai shiga, an ɗaure shi da igiya ko an cusa tsumma.

Direbobi ba su cika lissafa wannan cikin lalacewar mota ba. Inji yana tashi, taya tana da iska, to mota lafiya lau take. Alhali kuwa wannan ƴar kafa ita ce ke ƙarewa da cinye rumfa ɗungurungum, wani lokaci har da lafiyar waɗanda ke zaune ƙarƙashinta.

Mota mai rumfa ba baƙuwa ba ce

A Turai da Amurka, motar da ake naɗe rufinta a sha iska, wadda Faransawa ke kira kabriyole, motar nishaɗi ce ta masu hali. Kamfanin Peugeot ya yi irinta a cikin jerin 404, ya kuma yi ta 504 daga 1969 zuwa 1983 tare da gidan zanen motoci na Pininfarina a ƙasar Italiya. A nan sai a Yamai, ko Maraɗi, ko Kano ake ganin irin wannan mota, jefi-jefi, ranar buki. Ba ta da abin yi cikin rairayin Tagris, domin cikinta ya yi kusa da ƙasa.

Rufin yadi shi kansa kuwa ya daɗe da zama ɗan gida. Motar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da rumfar tamfol ta fara fitowa, kuma da irinta ma'aikatan dabbobi da na rigakafi suka yi shekaru suna ratsa daji. A wannan shekara ta 1948 ne kamfanin Citroën ya fito da 2CV, wadda aka ci gaba da ƙerawa har 1990. Rufinta yadi ne da ake naɗewa da hannu, kuma gilashinta na baya a jikin yadin yake zaune. A 1973 motoci 60 irin wannan suka taso daga Abijan, suka ratsa ƙasar Nijar ta Tenere, suka sauka Tunis. Sai kuma uwa uba, akori-kurar Peugeot mai rumfa, 404 da 504, wadda aka sani da sunan bashe. Bayan buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyaranta suka wadata a kasuwannin Kano, Katsina da Maraɗi, ita kuwa ta zama jakin kasuwannin ƙauye. A yau Toyota ce ta gaje ta a mafi yawan hanyoyi, da ƙarafan da maƙeri ya walda a bayanta da tamfol da aka yafa. A cikin birnin Maraɗi kuma ga babur mai ƙafa uku, adaidaita, wanda kowane ɗayansa rumfar yadi ce da ƴar tagar roba a baya.

Ke nan matsalar mai kabriyole a Faransa da ta mai bashe a hanyar Soli, babban garin Tagris, iri ɗaya ce: yaya za a haɗa abu mai laushi, mai miƙewa da tsukewa, da abu mai tauri wanda ba ya motsi, su zauna tare shekara da shekaru?

Abin da ke raba su

A da, hanya biyu ce aka sani. Ko dai a ɗinka roba mai haske a jikin yadi, ko kuma a zaunar da gilashi cikin zoben danƙo a maƙala shi. Daga wajen shekarun 1990 masu ƙera motoci suka karkata ga gilashi na gaske, wanda ake liƙawa kai tsaye a jikin yadi, mai ƴan siraran wayoyi masu ɗumi don narkar da ƙanƙara. A masana'anta da injin matsi da zafi ake yin wannan liƙi. Yana da kyau ga ido, yana kuma daɗewa a ƙasashen sanyi. Sai dai motocin da ke isowa nan galibi na hannu ne, sun riga sun yi shekara goma ko fiye kafin a loda su cikin jirgin ruwa, gam ɗinsu ya fara tsufa tun can.

A nan rana ke ƙarasa aikin. A watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40 a inuwa, baƙar rumfar da ta yini cikin rana kuwa takan wuce digiri 60. Zafi yana sassauta gam. Hasken rana yana cin yadi, yadin ya yi ta tsukewa kaɗan-kaɗan kamar fatar da aka shanya. Gilashi ba ya tsukewa tare da shi. Saboda haka kullum yadin yana ja, gilashi yana tsaye, kuma duk wannan tsiya a kan ƴar igiyar gam take sauka, wadda faɗinta bai wuce na yatsa biyu ba.

Sai hanya ta ƙara nata. Daga Maraɗi zuwa Dakwaro, wajen kilomita 120, akwai kwalta. Daga can zuwa ƙauyukan Tagris kuwa hanyar ƙasa ce da rairayi, da gargada wadda ke kaɗa mota kamar rariya. Gilashi yana da nauyi. Kowace girgiza sai ya fizgi yadin da ke riƙe da shi. Da zarar kusurwa ɗaya ta buɗe, ƙura ta samu ƙofa. Tana shiga tsakanin gam da gilashi, tana gurza kamar sandar gasa, kafar tana tafiya. Ga ƙayar aduwa da farar ƙaya da ke kartar rumfa a ƙunƙuntar hanya, ga kuma yaran mota da ke jingina buhu a jikin taga don a samu wurin mutum ɗaya.

Abin da ake asara

Asara ta fari ba a ganinta. Mota in tana gudu, iska takan yi juyi a bayanta, ta tattaro abin da ke can ta mayar ciki ta kowace kafa. Abin da ke can kuwa ba ƙura ba ce kaɗai, har da hayaƙin bututu. A cikin wannan hayaƙi akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi, abubuwan da fasinja ke ɗauka gajiyar tafiya ce. Yara ƙanana da mata masu ciki sun fi saurin jikkata da ita. Kuma a tuna cewa motar da ta kai gero kasuwa da rana, ita ce ake bugawa ƙofar mai ita da dare in haihuwa ta yi gardama, a ɗauki mace zuwa gidan likita na Dakwaro, a rufe gefunan rumfa saboda sanyi, a bar kafar baya a buɗe.

Ta biyu ta damina ce. Ruwan Yuli da Agusta ba ya sallama. Buhun gero da ya jiƙe yakan yi fumfuna, sukari da gishiri su narke, siminti ya daskare, ruwan da ya kwanta a daɓen mota ya soma tsatsa.

Ta uku ita ce gilashin kansa. Irin na baya an gasa shi ne da wuta fiye da digiri 600, aka sanyaya shi farat ɗaya. Wannan ya sa ya fi gilashin taga ƙarfi ninki huɗu ko biyar, amma in ya fashe ba ya tsagewa biyu, rugujewa yake yi kamar tsakuwa. Ba a yanka shi, ba a huda shi. Wanda ya yi niyyar huda shi don ya ɗaure da waya, to ya yi sallama da shi. In ya faɗi kan hanya, samun madadinsa aiki ne, domin masu ƙerawa da yawa ba su sayar da shi shi kaɗai, sai tare da rumfa gaba ɗaya. Lokacin da aka rufe iyaka da ƙasar Benin a Yulin 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta yi tsawo, kuɗi suka ƙaru. Gilashin da ke hannu ya fi wanda ke tashar jirgin ruwa.

Gam ba ɗaya ba ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki duk gam ɗin da ke kusa. Akwai mai kamawa nan take, wanda ake sayarwa a ƴan ƙananan bututai a kan tebur. Yana bushewa ya yi tauri kamar ƙashi, ya ƙone yadi, ya karye a gargada ta farko. Akwai na masu gyaran takalma, mai launin rawaya. Yana riƙe yadi da yadi, amma a jikin gilashi rana ɗaya ta bazara ta isa ta narkar da shi. Akwai kuma silikon, na masu haɗa tagogin gida. Wannan ya fi kowanne ɓarna: yana toshe ruwa na ƴan makonni, ba ya ɗaukar ja, kuma inda ya taɓa yakan bar santsin da wani gam ba zai sake kamawa ba sai an kankare shi ƙaƙaf.

Wanda ya dace shi ne baƙin gam na poliyuretan, wanda masu sa gilashin gaba na mota ke aiki da shi. Yana zuwa cikin gwangwani mai tsini, ana matso shi da bindigar hannu. Kamfanoni irin su Sika da 3M suna yin sa, kuma wajen masu gilashin mota na manyan garuruwa ake nemansa. In ya bushe yakan zama kamar tayar mota, mai ƙarfi amma mai lanƙwasuwa. Mai saye ya duba kwanan watan da ke jikin gwangwani, domin yawancinsu ba su wuce wata 9 zuwa 12 a ajiye ba, kuma wanda ya kwana biyu a shago mai rufin kwano yakan daskare tun bai fito ba. Tare da shi akwai wani baƙin ruwa cikin ƴar kwalba, wanda ake fara shafawa don gam ya sami abin kamawa. Masu tsimi sukan bar shi. Shi ne rabin aikin.

Yadda ake yi

Da farko a kai mota inuwa, wurin da iska ba ta kaɗa ƙasa. A kwance maƙallan rumfa na gaba, a ɗaga ta kaɗan, a tokare, har yadin baya ya saki jiki. Wanda ya liƙa gilashi alhali rumfa na ɗaure tamau, yana kokawa ne da abin da ya raba su tun farko. A tallafi gilashin daga ciki da matashi ko buhun ƙaiƙayi don ya zauna daidai inda yake a da. Alamar tsohon gam tana nuna iyakarsa.

Sannan kankara. A cire tsohon gam da reza daga jikin gilashi, a hankali, ba tare da an yanke siraran wayoyin nan ba, ko da yake a Tagris ba su da ƙanƙarar da za su narkar. A kula kuma da baƙin layin da ya zagaye bakin gilashi. Ba ado ba ne. Fenti ne da aka gasa cikin gilashin, shi ke kare gam daga hasken rana, shi ke ba shi wurin riƙo. Gefen yadi kuma a goge shi da burushi mai tauri har ƙura ta fita. A wanke duka biyun da alkol na kantin magani, a jira ya bushe sarai, domin ragowar alkol yana hana wannan gam ƙosawa. Ban da fetur, ban da gazuwal, ban da kananzir: dukansu suna barin maiƙo.

A manna takarda a zagaye wurin don kada baƙin gam ya ɓata yadi, a sa safar hannu, domin ba ya fita daga fata da sabulu. A shafa ruwan fari a bakin gilashi da cikin leɓen yadi, a ba shi mintocin da aka rubuta a jikin kwalba. Daga nan a matso gam igiya ɗaya mara yankewa, a kwantar da yadi a kai, a danna daga tsakiya zuwa gefe. Kada a matse har gam ya tsere duka; ana son ya rage kauri kaɗan, domin wannan kaurin shi ke shanye girgiza. Masu gyara na Turai suna da maƙallai masu roba da ke tsotsar gilashi su danne yadi. Inda babu su, siririn katako da ƴan buhunan rairayi sun wadatar, muddin akwai abin da ya tokare daga ciki. In kafar tana da tsawo, a yi ta kashi-kashi, yau gefe ɗaya, gobe ɗaya.

Saura haƙuri, kuma a nan ne ƙasar nan ta bambanta da inda aka rubuta takardar bayani. Wannan gam ba iska ke busar da shi ba, laimar da ke cikin iska ce ke ƙosar da shi. Masu yin sa suna auna shi a zafin digiri 23 da laima kashi 50 cikin 100, inda yake ƙosawa kaurin milimita 3 zuwa 4 a kwana guda. A lokacin hunturu da farkon bazara kuwa, laimar iska a arewacin jihar Maraɗi takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Sai bayansa ya yi fata, a taɓa a ji ya bushe, cikinsa kuwa ɗanye ne. Direba ya ɗaure rumfa da asuba ya kama hanya, kafin azahar ta sake buɗewa, ya ce an sayar masa da jabu. Maganin abin mai sauƙi ne: a ajiye kwanon ruwa cikin mota, a rataya jiƙaƙƙen buhu kusa da wurin ba tare da ya taɓa gam ba, a ba shi kwana biyu ko uku maimakon ɗaya. A kuma yi aikin da sassafe ko da marece, don masu gam ɗin suna hana aiki da shi in zafi ya haura digiri 35 zuwa 40. Ga mai motar haya kwana uku kasuwa uku ce, shi ya sa ya dace ya zaɓi makonsa tun da wuri, kada ya bari sai hadari ya haɗu.

Inda allura ta fi gam

Akwai lokacin da liƙi ɓata kuɗi ne. In yadin ya tsuke har bai kai bakin gilashi sai an ja da ƙarfi, ko ya ruɓe har farce na yaga shi, babu gam ɗin da zai riƙe. Tela zai iya ƙara masa ƙyalle don ya kai, in sauran jikin yana da rai. In kuwa gilashin ya riga ya tafi, to a koma ga dabarar da, wato roba mai haske da ɗinki. Ga bashe, da Toyota mai rumfar maƙeri, da adaidaita, wannan ce hanya tun asali, kuma a ganin masu bin hanyar daji ta fi dacewa: ba ta da nauyi, ba ta fashewa, kuma ana gyara ta a ƙauye.

Ƙasar Tagris ba ta rasa hannun da ya iya wannan ba. Hausawa, Abzinawa da Fulani ne ke zaune cikinta, manoma da makiyaya, kuma inda rijiya take da zurfi ba a rasa mai ɗinka guga daga tsohon tub na babbar mota, ko mai ɗinka salka ta riƙe ruwa ba ɗigo. Baduku da ya saba da basilla da fatar sa, tamfol ba zai gagare shi ba. Abin da ake bukata ya sani kaɗan ne.

A nemi roba mai kauri, wajen milimita ɗaya, ba ledar teburi ba. In tsohuwar tagar roba tana nan, kada a fara yanke ta: a ɗora sabuwar a kanta, a ɗinke zagaye, sannan a yanke tsohuwar daga ciki. Ta haka rumfa ba ta karkacewa. A yi kusurwoyi masu zagaye, don daga kusurwa mai tsini yagewa ke farawa. Taku ya zama mai faɗi, wajen milimita 5 ko 6; ɗinki matsattse yana jera ramuka kamar bakin tambarin wasiƙa, roba ta tsage a bin layin. Zaren auduga rana da ruwa na cinye shi cikin shekara. Na poliyesta ya fi jure rana, har ya fi na nailan. Leɓen tamfol na sama kuma ya hau kan roba daga waje, kamar yadda ake jera shuci a kan ɗaki, don ruwa ya gangara ta bisa, kada ya bi ta ciki.

Robar tana da nata aibi. Rana tana mayar da ita ja, ta dushe, ta bushe, bayan ƴan shekaru sai an sake. Abin da ke gaggauta mutuwarta shi ne busasshen tsumma: yaron mota ya ga ƙura ya goge, ƙurar ta karce ta kamar yashi, har direba ya daina ganin abin da ke bayansa in zai ja da baya cikin cunkoson kasuwa. Da ruwa ake fara zubawa, ko da rabin buta ne, sannan a share. Kuma ba a naɗe ta da sanyin asuba na Janairu, lokacin da take da tauri. A bari rana ta ɗan taɓa ta.

Ga ma'aikatun gwamnati da na ayyukan raya karkara da ke da motoci masu rumfa, abin dubawa ɗaya ne. Takardar duba mota ta kowane wata tana tambayar mai, da taya, da birki, da batir. Rumfa ba ta cika shiga ciki ba. Ya isa a ƙara layi guda, direba ya bi bakin tagar baya da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Kafar da ba ta wuce tsawon yatsa ba aikin rabin sa'a ce da ɗan gam kaɗan. Watan Mayu ne ya fi dacewa da wannan dubawa a gundumar Dakwaro, lokacin da iskar kudu ta fara kawo laima, gam yana ƙosawa da wuri, ruwan shuka kuma bai riga ya sauka ba.